Kuskuren Mastro Bastian

Ranar da aka soke dillalin barkono a kasuwar kifi ta Veneziya, birnin Italiya mai hanyoyin ruwa, mutum ɗaya ne ya ga fuskar mai wuƙar: Alvise mai zane. Kafin jini ya bushe ya zana ta a takarda, da tabon yanka a kuncin hagu. Majalisar gari ta ce a buga hoton da yawa, a manna a kowace gada da tashar jirgin ruwa. Wa za a kai wa aikin in ba gwanin sassaƙa allon buga hoto ba, Bastian, wanda ake yi wa laƙabin Mastro, wato babban gwani?

Bastian kuwa bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Da allon katako uku yake buga hoto ɗaya: na layi, na inuwa, na duhu, farin takardar da ya rage ya zama haske. Yakan ce ko rana sai ta zo shagonsa koyon haska fuska. Yaran shagonsa ba sa daɗewa. Duk wanda ya manta cewa allo juya hoto yake yi, dama ta koma hagu, kora ce rabonsa. Ɗansa tilo, Menego, ma bai tsira ba. Yana ƙarami ya yi wannan mantuwa, uban ya jefe shi da abin da ke hannunsa. Yaron ya koma cikin matuƙan kwale-kwale, tun daga nan ko a ƙofar coci ba sa gaisawa.

Da aka miƙa wa Bastian zanen, ya daɗe yana kallonsa.

"Idon ne ya soma, Mastro?" in ji Polo, masassaƙin tsallaken gada da ya so a ba shi aikin. "Kawo in taimaki tsoho."

"Je ka sassaƙa cokali, shi ne daidai kai," in ji Bastian.

Ya sallami yaransa, ya kulle ƙofa, ya yi aikin shi kaɗai.

Hoton da ya fito, gari bai taɓa ganin irinsa ba. Inuwa ta haɗiye rabin fuskar, duhu ya ci ido da hanci, tabon kaɗai ke walƙiya fari fat. Har ɓamɓare shi ake yi a kai gida don kyau. Dogarai suka tsare tashoshi, takarda a hannu, suna juya haɓar duk matafiyi. Suka damƙe wani mahauci, suka damƙe wani tsohon soja. Jirage kuwa suna ta tashi.

Sai ga Alvise ya dawo daga ƙauyen da ya je zana bangon coci. Ya tsaya gaban hoton a kan gada, ya dafe kai.

"Tabon a dama? A hagu na zana shi! Hagu!"

Gari ya ɗauka. Mastro Bastian, mai korar yara kan hagu da dama, ya kwafi zane bai juya ba! Majalisa ta kira shi, ƙungiyar masassaƙa ta karɓe allunansa ta ƙona a fili. Polo ya tsaya gaba-gaba yana ɗumama hannu.

"Mastro, ɗaga hannun damanka mu gani," ya ce. Jama'a suka kwashe da dariya.

Mutumin da bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Tsufa ne."

Ya ƙare a gindin gada yana sassaƙa cokula, yara na wucewa suna kiransa Baba Hagu-Dama. Kafin sanyi ya fita aka binne shi, masu rakiya ba su cika kwale-kwale ɗaya ba.

Labarin ya iske Menego a wata mashaya a Iskandariya ta Masar, inda jirgi ya kai shi bayan an soke dillalin barkono, daga bakin wani matuƙi ɗan garinsu. Ya yi dariya har da buga tebur.

"Shi ma? Kan wannan mantuwar fa ya raba ni da gida! Allah ya saka mini. Tsohon banza, har ya mutu bai taɓa yi mini komai ba."

Ya ɗaga kofinsa, yana sosa tsohon tabon da wuƙar uban ta bar masa a kuncin hagu.