Ƙofar Baya

Wata uku da fitowar dokar da ta halatta wa mace auren mace, babu wanda ya leƙa ofishin rajistar aure a garinmu sai ni da Tasalla. Shekara goma sha tara muna gida ɗaya, 'yan unguwa sun ɗauka yaya da ƙanwa ne.

Ma'aikacin ya tarbe mu da fara'ar da ta yi yawa. Ya rubuta sunayenmu a babban littafi, sannan ya kwafe su a wani ƙarami, ya zura a aljihu.

Tasalla ta ce, "Malam, na aljihun fa?"

"Don tsaronku ne, Hajiya. Gidan naku yana da ƙofar baya?"

Tasalla ta matse mini hannu. Na ce masa babu.

Tun daga ranar, a bakin ƙofar bayan muke ajiye takalmanmu.