Garin Inna Dije

"Ba nan kukar take ba," in ji Inna Dije. "Wai kai da ka yi jami'a!"

Sagiru ya ajiye burushi. Karo na tara ke nan yana zana wa mahaifiyarsa ƙauyensu, wanda dam ɗin Tiga ya cinye tun kafin a haife shi. Digirinsa na zane ya ƙare a allunan masu aski, amma ko su ba sa wahalar da shi haka. Jiya rijiya ce ba daidai ba, yau kuka. Ga idonta kullum dushewa yake, ta kuma ce ba ta son ta mutu ba ta sake ganin garin ba.

Ya gaji. Ya ɗauko shuɗin fenti ya shafe allon kaf, masallaci da rumbuna da komai. Gara ya rubuta "Ana sayar da kifi" a kai.

Inna ta matso, ta daɗe tana kallo. Sai ta dangwala yatsa a tsakiyar ɗanyen fentin.

"Yauwa, Auta. Haka na baro shi. Ɗakina na nan ƙasa. Kar ka ƙara komai."