Cokali Biyu na Kindirmo

Bimla tana zuba sukari a kindirmo. A ƙauyensu ba a barin mutum ya fita wani babban al'amari sai ya lashi cokali guda daga hannun uwar gida, don nan sa'a take. Yau kuwa cokali biyu za ta bayar.

Mijinta, Saje Mahabir, yana tsakar gida tun asuba, ya naɗa rawani, ya jera lambobin yabo a ƙirji. Shekarunsa na ƙuruciya a kan dusar ƙanƙarar iyaka suka ƙare. Amma yaron da ya yi ritaya jiya, muƙami ɗaya, shekarun aiki ɗaya, ya fi shi fansho. Gwamnati ta ce ta daidaita, tsofaffin soja suka ce daidaitawar ta saɓa wa tsarin mulki, suka kai ƙara. Sunan Mahabir ne a sama. Yau za a yanke hukunci a Delhi, likita kuma ya ce zuciyarsa ba ta son tashin hankali.

Bimla ba ta san tsarin mulki ba, aji huɗu ta yi. Abin da ta sani shi ne tun da aka fara shari'ar nan ba a ci abinci da daɗi a gidanta ba.

'Yarsu Nilam ta sauko da baƙar kwat ta lauyoyi, takardu a hammata. Da wannan fanshon da ake rainawa aka yi mata karatu, aka haɗa da kuɗin ɓaunar gida biyu. Ta durƙusa ta taɓa ƙafafun mahaifinta. Uba ba ya hana albarka idan an taɓa masa ƙafa. Mahabir ya dafa kanta, yana kallon bango.

"Ki yi nasara," ya ce, kamar mai haɗiyar magani.

"Bapu, ka sha ƙwayar hawan jininka?" ta tambayi uban.

"Ki kula da takardunki, ni na kula da jinina."

Kofur Zile, abokinsa na bariki, ya leƙo ta ƙofa yana dariya. "Saje, kai kam ka huta, ka haifi lauya a gida!"

"Rufe mana baki, mai kunnen tulu. Je ka tsare mana kujera a bas."

Bimla ta miƙa wa mijinta cokalinsa, ta miƙa wa 'yarta nata. Sai da Nilam ta lashe tas sannan Bimla ta tsaya tana duban cokulan biyu. Motar ofis ta ɗauki Nilam. Mahabir ya taka zuwa tashar bas, lambobin ƙirjinsa na ƙara.

Yinin nan Bimla ta ƙona gurasa, ta tatsi ɓauna ta manta bokiti a garke. Da la'asar jikan maƙwabta ya karanta mata a waya: kotu ta ce tsarin gwamnati bai saɓa wa komai ba. An kori ƙarar.

Mahabir ya dawo da rawani a kwance, ya cire lambobin ya zuba a kwanon goro na baƙi. Bai yi ihu ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan.

"Baban Nilam, ka ci wani abu mana."

Can gashin bakinsa ya motsa. "Kin san alƙalai uku ba wanda ya iya katse Nilam? Zile har tafa mata ya fara, sai da na taka masa ƙafa."

Bimla ta koma kicin tana share hawaye da gefen mayafi. Su yi ta maganar tsarin mulki, ita ta san inda aka kayar da mijinta. Da safe, da hannunta, cokalin 'yarta, lauyar gwamnati, ta fi cika wa sukari.