Hannun da Ya Riga Mai Shi

Ga wani misali, in ka ga dama ka yarda. An yi wani mai gyaran kwamfuta a wata kasuwa, abin taƙamarsa a duniya guda ne: ba a taɓa fitar da gawar na'ura daga shagonsa ba. Da wannan suna yake ci, da shi yake sha. Sai dai yana da wani hali. Akwai ɗan jan ƙwan fitila a saman ƙofarsa, wanda ke kamawa da zarar an kawo wuta. Shi kuwa ko loma ce a hannunsa, sai ya ajiye ta ya ja makunnin canji, ya kashe janareto, kada ɗigon fetur ya ƙone a banza. Shekara ashirin suna haka, shi da ƙwan.

Ran nan bayan azahar, wata mai buga wa mutane takardu ta kawo kwamfutarta, wai tana mata gardama wajen tashi. Ya duba, ya ce bayos ne ya tsufa, wato ɗan rubutun nan da ke kwance cikin madabod, babban allon cikinta, mai tashin na'ura ya tuna mata ko ita wace ce. Ya laluba aljihu, ya zazzage durowa, babu filashin da ya saba ɗora sabon rubutu a kai, ya kuma adana tsohon saboda ɓacin rana. Matar ta ce a bari sai gobe. Ya ce gwani ba ya kwana da aiki. Ya jona wa na'urar wayar intanet don ta jawo sabon da kanta, janareto na ta ruri a waje. "Hajiya, ko tari kada ki yi," in ji shi. "Yanzu tsohon ranta take gogewa tana rubuta sabo. In wuta ta ƙifta a tsakani, ba ta nan, ba ta can."

Wani farin zare mai nuna nisan aikin yana jan ciki a baƙin gilashi, a hankali, har ya kai rabi. Sai jan ƙwan nan ya buɗe ido. Mutumin yana zaune yana kallo, hannunsa ya tashi kamar na wani, ya bi bango, ya kama makunni. Ya buɗe baki zai hana shi, sai ya ji ƙas.

Na'urar ba ta mutu ba, ai da an huta. Fankarta na numfashi, ɗan koren idonta a buɗe, fuskar baƙi ƙirin. A kira ta, ba ta san sunanta ba. Matar ta dube ta, ta ja mayafi, ta fita da baya, ta ce ba za ta shigar da wannan gida ba. Kafin la'asar labari ya gama kasuwa, aka daina kawo masa ko rediyo.

Na'urar tana nan a kan kantar shagon har yau. Maƙwabta sun rantse ko an zare mata waya, duk sa'ad da jan ƙwan ya kama sai ta yi kuka sau uku, siriri, kamar mai neman a ƙarasa ta. Shi kuma, yana jin kukan, hannun nan sai ya kai kan makunni tukuna.

Rubutun cikin na'ura a goge shi a sake. Amma hali zanen dutse.