Goron Biki a Gidan Rasuwa

Ina 'yar shekara bakwai, a Onitsha, Inna ta ji kiɗan badujala a gidan maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Kirista. Ta ce biki ne, ta ɗora min farantin goro muka shiga.

"Allah sanya alheri!" in ji Inna. Sai muka hango akwatin gawa, ashe mijin ne ya rasu. Inna ta kama baki.

Tsohuwar, hawaye na zuba, ta riƙo hannunta. Da gurguwar Hausarta ta ce, "Kin faɗi daidai, maƙwabciya. Ya tafi wurin Yesu, ciwo ya ƙare. Raba goron!"

Muka rabar da shi tas. Har yau ban ga wanda ya kunyata mutuwa kamar matar nan ba.