Ɗakin da Ya Gagari Magina Uku

Tunda ka ce gobe za ka fara zagaya unguwar da aka danƙa maka, kuma ka riga ka tsara abin da za ka gyara tun ba ka taka ƙofar kowa ba, bari in ba ka misali.

An yi wata tsohuwa da ke zaune a ɗakin soro wanda mijinta ya gina mata tun tana amarya. Da ɗakin ya fara yoyo, a wuri ɗaya ruwan ke ɗiga, tsakiyar ɗaki, dab da ƙafar gado. Ɗanta mai hali ne, kuma yana son uwarsa, don haka rani na yi ya kirawo magini. Magini ya ɗaga kai ya ga tabon ruwa a jikin azara, ya kafa tsani ya hau, ya auna daidai saman tabon, ya lafta ƙasa, ya shafe da makuba. Damina ta faɗi, ɗigo ya dawo inda yake. Magini na biyu ya ce na farko bai iya kwaɓi ba, ya ɗora ƙasa a kan ƙasa. Na uku ya kushe su duka biyun, shi ma ya ƙara tasa. Kowannensu a zaure yake gama magana da ɗan. Tsohuwa kuwa gaisuwa ce rabonta, sai kuma a ce ta ɗan fita kada ƙasa ta zubo mata. Cikin shekara uku azara ta fara lanƙwasa don nauyi, yoyo kuwa na nan daram. Ɗan ya gaji, ya ce a rushe ɗakin a mayar da ita ɗakin kwano. Ta ce a nan ta haife shi, a nan aka yi wa ubansa wankan ƙarshe, a nan take so a yi mata nata. Aka ce rigimar tsufa ce.

Wanda aka kawo don rushewa wani dattijon magini ne marar gaggawa. Yana zaune a bakin ƙofa yana jira a kwashe kaya, sai ya tambaye ta, don hira kawai, yaya yoyon yake zuwa. Ta ce, "In ruwa ya sauko a tsaye, ko kwana ya yi yana zuba, ba ya ɗiga. Sai in ya zo da iskar gabas. Kuma ba ya farawa sai an ɗauke ruwan an ɗan jima, kamar a ɗora tukunya ta tafasa. In na tara ƙwarya, warin kashin tattabara nake ji." Magini ya hau soron, bai ko dubi tulin ƙasar da ke tsakiya ba, ya nufi kusurwar gabas. Can ya tarar da tsofaffin tukwane biyu binne a jikin ginin, bakinsu na kallon gabas, waɗanda ɗan ya kafa wa tattabarunsa tun yana saurayi. Gindin ɗaya ya fashe. Iska ke cusa ruwa ciki, ya jiƙa busasshen kashi, ya tsatsa a hankali har kan azara, ya bi jikinta zuwa tsakiyar ɗaki inda ta fi ƙasa, sannan ya ɗiga. Ya cire tukwanen, ya cike ramin, ya kankare ƙasar shekara uku da aka ɗora a banza. Aikin bai kai la'asar ba. Daminar ta zo ta wuce ba a tara ƙwarya ba.

Ɗan ya ji kunya, ya ce, "Inna, kin san duk wannan, me ya hana ki faɗa?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni?" A ɗakin ta ƙarasa kwanakinta.

Maginan nan uku ba wanda bai iya aikinsa ba, tabo kawai suka tambaya suka bar mai shi. Gobe in ka fita, ka zauna a bakin ƙofa tukuna kafin ka kafa tsani. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.