Injin Gyartai da Ƙwaryar Gado

Kai da ka sayo keken ɗinki jiya, yau kake neman ɗora masa shaddar mutane, zauna ka ji wannan. Ni dai ban yi boko ba, amma kasuwa ta koya min karatu.

An yi wani gyartai, mai ɗinke fasassun ƙwarya a bakin kasuwa. Mutum ne mai son sanin cikin abu. Ran nan ya tsinci matacciyar rediyon kaset, ya buɗe ta don ya ga wa ke juya kaset ɗin. Sai ya tarar da ɗan inji, bai wuce ƙwallon goruba ba. Ya taɓa masa waya da batirin cocila, abu ya ɗauki kuka yana juyi. Gyartai ya ce a ransa, wannan da ke juyi ba gajiya, me zai hana ya yi min huda, basilla ta huta? Ya cusa injin cikin gwangwanin tumatir, ya yanko wayar ƙafar keke ya wasa bakinta, ya ɗaura masa. Ya huda katako, ya huda kwano, ya huda ƙahon sa, har takalmin maƙwabcinsa bai tsira ba. Mutane na taruwa kallo. Wayar kuwa ta ɗan karkace, in tana juyi sai ta riƙa rawa, amma katako bai damu ba, ramin ne dai ke ƙara faɗi. Ga sakaina tuli a ƙarƙashin ƙafarsa, bai taɓa ɗaukar guda ya gwada ba, wai ƙwarya ai ya san ta tun yana yaro.

Sai ga wata mata da babbar ƙwarya mai zane, ta gaje ta wurin uwarta, gobe za a kai ta ɗakin 'yarta. Ƙwaryar ta tsage kaɗan a baki, tsawon yatsa. Suka yi ciniki, ta ja, ya ja, har ta kai shi inda take so. Da ta ga ya ture basilla ya ɗauko gwangwani, ta ce, "Malam, wannan mai kukan sauron ya taɓa cin ƙwarya kuwa?" Ya ce, "Inna, abin da ya ci ƙaho?" Ya ɗora a gefen tsagar. To, da basilla, hannu na jin ƙwarya in ta fara nishi, sai mutum ya sassauta. Inji ba ya jin nishi. Wayar ta yi rawarta, tsagar ta bi ƙwarya ta gangara har gindi, ta rabu biyu a cinyarsa, injin na ta kukansa. Matar ta tsuguna ta tattara, ta haɗa ɓari da ɓari tana duban zanen uwarta. Ta ce, "Ka ga, yanzu ka samu sakainar gwaji mai kyau." Ba ta bar masa ba, ta ƙulle a gyale ta tafi.

Injin ba shi da laifi, abin kirki ne, daga baya ma da ya miƙe wayar ya yi ta aiki. Lokacin gwajin ne gyartai ya ɓata. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.